Gyambo Ba Tsire Ba Ne, Ku Daina Barbaɗa Masa Kafso

Ranar Lahadi idan kasuwar Illela ta cika, tun daga bakin tasha har cikin kara, ka ɗan sauke idonka daga fuskokin mutane ka dubi ƙafafunsu. Ba za ka yi nisa ba sai ka ga ƙafa ɗaure da tsumma daidai saman idon sawu, tsumman ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa, ƙudaje na yi masa rakiya. Wani dillali ne, wani mahauci, wani mai shayi, wata kuma tsohuwa ce mai tuyar ƙosai. Kana ɗaga ido, ga yaro da faranti a ka, an jera kafso kala-kala kamar alewar sallah, ja da yalo, ja da baƙi, rana tana dukansu tun hantsi. Mai gyambo ya miƙa kuɗi, yaro ya ɓallo masa guda huɗu. A koma gefen rumfa a kwance tsumma, a ɓare kafso, a barbaɗa garin cikin miki kamar ana zuba wa tsire yaji, a mayar da tsumman nan dai. Wai an yi magani ke nan.

To ba a yi ba. Ɓarna aka yi, kuma ɓarnar ba ta tsaya kan mai ƙafar ba, har ni da kai da jaririn da aka haifa jiya ta shafa. Don haka yau ban zo lallashi ba. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta.

Kada wani ya ce daga nesa nake jifa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya shekara talatin yana dillancin shanu a karar Illela. Aikin dillali kuwa tsayuwa ce, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yana tsakanin mai saye da mai sayarwa. Tun da daɗewa ƙafarsa ta hagu takan kumbura da yamma, kumburin ya sace da safe. Fatar wajen idon sawu ta yi baƙi, ta yi tauri, tana ƙaiƙayi, jijiyoyin sharaɓarsa sun fito sun nannaɗe kamar igiyar guga. Ran nan igiyar wani bijimi ta ƙuje shi a wurin. Ƙujewar da yaro zai yi ya manta kafin mako, ita ta zauna masa shekara shida.

A shekarun nan babu abin da bai shiga mikin ba. Garin kafso, dakakken Septrin, man penisilin, toka, man birki, har da ruwan allurar shanu. Wani matashi mai kemis a unguwarsu, wanda bai taɓa cewa a kwance tsumman ya gani ba, shi ya zama likitansa. Yau Ampiclox na kwana biyu, wani mako sifro na kwana uku, idan ciniki ya yi kyau a jera masa allurar jentamaisin. Ni kaina na sha aiko da kuɗin maganin daga Sakkwato, ina ganin zumunci nake yi. In na ce, "Kawu, mu je asibiti a duba ƙafar nan," sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wanga miki ba na asibiti ba na. Takawa niy yi cikin kara." Nufinsa wani ne ya binne masa sammu ya taka.

Abin da ya fi ci mini rai, mutumin da ba a raba shi da sahun farko, sai ga shi yana tsayawa can ƙarshe wajen takalma don kada wari ya dami jama'a. Tsummansa ya fara rina da wani kore-kore. Aka ce dafin sammun ne ke fita.

Sai da zazzaɓi ya kayar da shi, ƙafa ta yi sumtum har gwiwa, kaluluwa ta fito, sannan muka ɗauke shi ranga-ranga muka bi ta Gwadabawa da Kware zuwa Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 80. Aka dangwalo ruwan mikin da auduga aka kai ɗakin gwaji. Bayan kwana uku likita ya ajiye mini takarda: sunayen magunguna a jere daga sama har ƙasa, kusan kowanne an sa masa harafin R a gefe. Ya ce ma'anarsa ƙwayar cutar ta ƙi jin wannan, ta ƙi jin wancan. Biyu kacal suka rage, su ma sai ta jijiya, sai an kwanta. Kuɗinsu ya cinye sa guda. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya yi ta ba Baba duk waɗannan magunguna?" Na sunkuyar da kai, domin da kuɗina a ciki.

Bari in faɗi abin da na fahimta daga baya, wanda da na san shi da wuri da Kawu bai yi shekara shida a sahun takalma ba.

Jini yana sauka ƙafa da ƙarfin bugun zuciya, gangara kuwa ba ta da wuya. Komawa sama ita ce aiki. A cikin jijiyoyin da ke mayar da jini Allah ya sanya wasu 'yan ƙofofi masu buɗewa sama kaɗai. Duk takun da mutum ya yi, naman sharaɓa yakan matse jijiyar ya tura jini sama, ƙofa ta rufe a bayansa. Idan ƙofofin suka lalace, saboda tsufa, ko doguwar tsayuwa wuri ɗaya, ko ƙiba, ko yawan ɗaukar ciki, ko tsohuwar karaya, ko gudan jini da ya taɓa toshe jijiyar, sai jini ya riƙa dawowa yana kwanciya a ƙasa. Ƙafa ta kumbura, fata ta yi baƙi ta rasa abinci, ƙaramar ƙujewa ta zama rami. Kowane magini ya san katangar da ruwa ya kwanta a gindinta: ko sau nawa ka yaɓe ta zubewa za ta yi, sai ka fara yi wa ruwan hanya. Wannan shi ne gyambon jijiya. Kwantaccen jini ne ya haƙa shi, shi ne kuma yake hana shi rufewa.

Su ƙwayoyin cuta baƙi ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane buɗaɗɗen miki yana da su, kamar yadda kowace mahauta ke da ƙuda, kuma zamansu a saman miki bai isa a ce sai an sha magani ba. Ana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ne lokacin da suka kutsa cikin nama mai rai: kewayen mikin ya ɗauki zafi, ya kumbura yana sheƙi, ciwo ya ƙaru a 'yan kwanaki, mugunya ta yawaita, ko zazzaɓi da kaluluwa su biyo baya. A nan ma likita ne zai zaɓi maganin da adadinsa da kwanakinsa. A 2014 masu bitar bincike na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 45 da aka yi kan masu irin wannan gyambo, ba su sami hujjar cewa ɗirka musu waɗannan magunguna haka kawai yana sa mikin rufewa ba.

Abin da ke rufe shi an san shi tun kafin a san penisilin. A ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan fata a birnin Hambug na Jamus, Paul Gerson Unna, yana warkar da irin wannan gyambo da bandejin da aka shafe da haɗin zinki, a naɗe ƙafa daga gindin yatsu zuwa ƙasan gwiwa. Har gobe tushen maganin ke nan: a wanke miki da ruwa mai tsabta, a cire mataccen nama, a rufe, sannan a naɗa bandeji mai matsewa, ya fi ƙarfi a idon sawu ya riƙa sassautawa yana hawa, don ya tura jinin sama. Mai ciwo ya riƙa takawa, in ya zauna ya ɗaga ƙafa, in ya kwanta ya ɗora ta kan matashi ta fi ƙirjinsa tudu. Da wannan, gyambo da yawa sukan rufe cikin wata uku zuwa shida.

To me garin kafson yake yi, tunda ba ya warkarwa? Horo yake ba abokan gaba. Ƙwayar bakteriya idan ta sami wuri tana iya rabuwa biyu cikin minti 20 zuwa 30, kafin gari ya waye ɗaya ta zama miliyoyi. A cikin miliyoyin ba a rasa 'yan tsiraru masu taurin kai. Maganin da bai kai ƙarfi ba, ko bai kai kwanaki ba, ko aka ba da shi ba gaira ba dalili, yakan kashe masu rauni ya bar wa masu taurin kan fili. Manomi ya san wannan: ka nome ciyawa mai laushi ka bar ƙuduji, baɗi gonar ta ƙuduji ce. Abin bai tsaya nan ba. Ƙwayoyin nan suna miƙa wa junansu sirrin ƙin jin magani, har ga waɗanda ba danginsu ba. A tsohon miki kuma sukan lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa da sauƙi.

Koren nan da ya rina tsumman Kawu, wanda aka ce dafin sammu ne, alamar wata ƙwaya ce da ake kira Sudomonas. Ita tun asalin halittarta ba ta jin ampisilin, ba ta jin tetirasaikilin, ba ta jin Septrin. Wato duk kafson da aka barbaɗa shekara shida, maƙwabtanta ya yi ta kashewa yana share mata gida. Abokiyar zamanta, Sitafilokokus, ita ce wadda aka ga irinta mai ƙin jin metisilin a Ingila a 1961, ba a fi shekara biyu da fito da maganin ba. Yau sunan wannan mai taurin kan MRSA, babu nahiyar da ba ta kai ba.

Kuma an gargaɗe mu. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, da ya je karɓar kyautar Nobel a 1945 ya ce yana tsoron ranar da kowa zai iya sayen maganin a kanti, wanda bai sani ba ya sha kaɗan, ya koya wa ƙwayoyin cutar jure masa. Sai ka ce ya taɓa cin kasuwar Illela. Mu ma mun ga misali da idonmu: wa ya manta lokacin da kulorokwin ke kayar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku? Aka yi ta sha barkatai, cutar ta daina jinsa, har Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005. Lissafin da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma babu yankin da abin ya fi muni kamar Afirka ta Yamma, wajen mutum 27 cikin kowane 100,000. Rabon Najeriya kaɗai a shekarar an ƙiyasta shi 64,500. Mu ne a kan gaba, a jerin da ba a murnar zuwa na ɗaya.

Yanzu bari in bi masu laifi ɗaya bayan ɗaya.

Kai mai kemis, da kai zan fara. Ka sani, na sani, lasisin da ke rataye a shagonka, in ma akwai shi, na sayar da ƙananan magunguna ne. Bai ba ka izinin yin allura ba, bai ba ka izinin sayar da maganin da sai da takardar likita ba. Amma tsoho ya shigo yana ɗingishi, wari ya riga shi shigowa, ba ka ce ya kwance ka gani ba, ka tambaye shi, "Baba, na nawa za a haɗa maka?" Kuɗin aljihunsa su ne awon maganinsa. Mai ɗari biyar kwana ɗaya, mai dubu biyu kwana uku. Wane littafin magani ne ya koya maka auna cuta da naira? Ka ga mutumin nan wata shida, shekara ɗaya, shekara uku, yana dawowa da ciwo ɗaya, ranka bai taɓa ba ka cewa abin ya fi ƙarfinka ba? Ya ba ka. Ka dai lura cewa gyambon da bai warke ba ciniki ne da ba ya yankewa. Jentamaisin da kake tsira wa mutane kamar ruwan sanyi yana lalata ƙoda, yana kashe ji, jin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ka ce kai taimako kake yi tunda asibiti ya yi nisa. Taimakon da za ka yi wa mai gyambo kalma huɗu ce: "Baba, tafi a duba." Ka ƙi faɗarsu don ba a biyan kuɗinsu. Ranar da ɗanka zai kwanta da ciwon huhu a rasa maganin da zai kama shi, ka tuna da hannunka aka horar da cutar.

Kai kuma mai faranti da mai baro da mai buɗe bayan mota kana kwarmato da lasifika cewa kafsonka na maganin gyambo da basir da sanyi da taifot a lokaci guda, kai ko inuwar da mai kemis ke ɓuya a ciki ba ka da ita. Yawancin magungunan nan an rubuta a jikinsu kada zafin ma'ajiyarsu ya wuce digiri 30. A Illela, watan Afrilu, zafi na haura 40 a inuwa, kai kuwa a tsakiyar rana kake. Ba ka san inda aka yi kayan ba, ba ka san ko gari ne kawai aka ɗura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 kashi ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ce a 2023, a ƙasashen Sahel abin ya kama daga kashi 19 zuwa 50 cikin ɗari. Kafson da ke ɗauke da rabin ƙarfinsa ya fi wanda babu komai a cikinsa haɗari ta wannan fuska, domin ba ya kashe cuta, wasa ta yake yi kamar wuƙa.

Mu dangin masu ciwo kuma kada mu yi saurin wanke hannu, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mu ne masu cewa, "Ga ragowar wanda aka rubuta wa Inna bara, gwada shi." Mu ne masu dainawa ran da zafi ya lafa, a ajiye sauran don gaba. Mu ne muke raina nas ɗin da ta wanke miki ta ɗaure ba ta yi allura ba, mu ce ba ta san aiki ba, mu tafi wurin wanda zai tsira. Mu ne muke ɓoye tsoho a ɗaki don kunyar wari, har sai ciwo ya ci ƙashi. Ban hana kowa addu'a ba, ban hana neman tsari ba. Amma wanda ya ce sammu ne, ya gaya mini me ya sa sammun yake zaɓar masu doguwar tsayuwa, me ya sa kullum a saman idon sawu yake sauka, me ya sa yake lafawa idan an ɗaga ƙafa. Kuma tunda kun yarda sammu ne, kafson na mene ne? Ko shi ma karya sihiri yake yi?

Akwai wani dalilin da ya sa dole ido mai ilimi ya ga mikin. Gyambo suna ne ɗaya, iyaye da yawa. Akwai na masu sikila, akwai na ciwon suga, akwai na kuturta irin wanda asibitin Amanawa ya daɗe yana jinya, akwai na toshewar jijiyar da ke kawo jini daga zuciya. Wannan na ƙarshe, in ka matse shi da bandeji, ƙafar ce za ta mutu. Shi ya sa ake fara auna ƙarfin jini a idon sawu a gwada da na hannu kafin a ɗaure. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya tafi gida ya tamke ƙafar mahaifinsa da robar taya. Sannan tsohon gyambo yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji: bakinsa ya yi tudu, ya riƙa tsiro, ya riƙa zubar da jini. Toka da kashin shanu kuwa hanya ce ta cutar da ke sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi.

Ma'aikatan lafiya, ku ma da naku kason. Na san kuna da ƙarancin hannu da kayan aiki. Amma wani cikinku mai gyambo zai zauna gabansa, ya toshe hanci, ya rubuta magani uku ba tare da ya taɓa ƙafar ba, domin rubutu minti ɗaya ne, wanki da naɗin bandeji kuwa rabin awa. Wani ya san babu bukatar allura, amma ya rubuta don kada mara lafiya ya ce bai iya ba, ko don shagon da ake sayar da ita nasa ne. Wani ya wanke mikin wannan ya wuce ga na gaba da almakashi ɗaya da hannu ɗaya, ya kwashi ƙwayar da ta gagara ya dasa wa wanda ya zo da ƙaramin rauni. Mai faranti jahilci zai kawo uzuri. Kai da ka zauna aji aka koya maka, me za ka kawo?

'Yan kara, abokan Kawu, ban manta da ku ba. Saniya ta yi laushi, a ɗirka mata allurar tetirasaikilin don ta miƙe ta yi kyan gani ranar kasuwa, a sayar, a yanka washegari, ko a tatsi nononta a kai wa masu fura. A jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko a sha nono. Wa ke karantawa? Dangin maganin da ake ba mutum ne, kuma ƙwayar da ta koyi jure masa a hanjin saniya tana fita a kashi, ta shiga ƙasa da ruwa da ƙafar mai miki da ke tsaye cikin kara.

Hukuma kuwa, takardu ba su yi mata kaɗan ba. Najeriya ta fitar da shirin ƙasa na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta a 2017, ta sabunta shi a 2024. Akwai NAFDAC tun 1993, akwai hukumar PCN mai ba masu kemis lasisi, akwai cibiyar NCDC. Kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba ana makon wayar da kai, a yi taro a otal a ɗauki hoto. Amma takardar da ke Abuja ba ta ɗaure ƙafa a Kalmalo. Abin da mai gyambo ke bukata ba shi da tsada: rana ɗaya a mako ta masu miki a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, nas biyu da aka koya wa naɗin bandeji, 'yar na'urar auna jinin ƙafa, bandejin kansa a farashin talaka, da hanyar aika ruwan miki ɗakin gwaji a dawo da sakamako ta waya. Jihar da ta tsayar da asibitin masu cutar noma a Sakkwato tun 1999, har ya zama abin misali a duniya, ba za ta ce wannan ya gagare ta ba. Matsalar bandeji ɗaya ce: ba a yanka masa kintinkiri, kuma ba ya kawo kwangila mai maiƙo.

Kuma aikin ba na ɓangare ɗaya ba ne. An rufe iyakar nan tamu da Nijar a Agustan 2019 aka buɗe a Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Motocin albasa sun tsaya, shanu sun tsaya, amma ba a taɓa jin ranar da aka tare ƙwayar cuta a shingen kwastan ba. Mutumin Illela na zuwa asibitin Galmi, mutumin Birnin Ƙonni na zuwa Sakkwato, aure ɗaya, kasuwa ɗaya, ciwo ɗaya. In an kori mai faranti a nan ya tsallaka can, an yi aikin baban giwa. Sai hukumomin lafiya na Sakkwato da na Tawa sun zauna tabarma ɗaya. Kafin nan, sarkin kasuwa da shugabannin kara da na mahauta suna da ikon hana tallan kafso a rumfunansu tun Lahadi mai zuwa, ba sai sun jira Abuja ko Yamai ba. Limamai kuma da ke yi mana huɗuba kan tauye mudu, su sani mai sayar da maganin kwana bakwai a kwana biyu shi ma mudu ya tauye, na rai ma kuwa.

Kawu ya kwana goma a gadon asibiti kafin zazzaɓin ya sauka. Bayan nan ba a ƙara ba shi ko ƙwaya ɗaya ta kashe cuta ba. Wata nas ce, ba ta kai 'yarsa ta fari shekaru ba, ta auna jinin ƙafar, ta wanke, ta naɗa bandeji tun daga gindin yatsu har ƙasan gwiwa, ta ce, "Baba, sau biyu a mako za a riƙa canzawa. In ka zauna, ƙafa sama." Ya bi ta da kallon raini. Wata na biyu wari ya ɗauke. Wata na biyar rami ya rufe, ta ba shi safa mai matsewa ta ce shi da ita har abada, in ya yar gyambo zai dawo. Ran da ya koma sahun farko, da muka fito masallaci ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ashe shekara shidda ina biɗar magani cikin kwalba, shi ko yana cikin ƙyalle."

Na ba shi amsa, bai ji ba. Na maimaita da ƙarfi, ya karkato kunne ya ce, "Mi kac ce?" Ƙafa ta dawo, sa ya tafi, jin da allurar mai kemis ta ɗauke kuwa har yau sai an ɗaga murya.

Shi Kawu yana da uzurin rashin ji yanzu. Ku da kunnuwanku ke lafiya, na faɗa muku.